Wadda Ta Zauna Gida

Malama Rukayyat ta zana da'ira a allo ta ce duniya ce, ta ja doguwar kibiya daga jikinta.

"Ku ɗauka 'yan biyu ne," ta ce wa 'yan ajin ƙarshe a makarantarsu ta Sabon Layi. "Ɗaya ta shiga kumbo mai gudu dab da gudun haske, ɗaya ta zauna gida. Haske ba ya canza gudunsa don kowa, saboda haka agogon mai tafiya ne zai rage sauri. Ranar da ta dawo tana nan da ƙuruciyarta, ta gida kuwa ta yi furfura. Kusa da ƙaton tauraro ma haka lokaci yake jan ƙafa."

Margret mai zama bakin taga ta ɗaga hannu. "Malama, mamanki ya zo, yana waje."

Rukayyat ta waiga. Hapsatu ce tsaye a ƙofa, abokiyar tagwaicinta, ta dafa ƙugu. Ita Rukayyat karatu ya kai ta Zariya, aiki ya riƙe ta a Abuja, ta dawo Mubi fata sumul. Hapsatu kuwa tana ƙauyensu Betso tana noman gyaɗa da jinyar Innarsu mai shanyewar ɓarin jiki. Tun makon jiya take kira, Rukayyat na kife wayar don ta san zancen.

Kalma ɗaya ta isa ta gyara kuskuren Margret, amma malamar kimiyya ba ta gyara ba. "Ku gaishe ta," kawai ta ce.

"Sannu, Mama!"

"Yawwa, 'ya'yana," in ji Hapsatu, ko gezau.

Kunya ta rufe Rukayyat har ta rasa inda za ta ajiye allin hannunta. Ta bi Hapsatu zuwa gindin darbejiya.

"Na ji karatunki ta taga," Hapsatu ta ce. "Wannan da ta tafi, in ta dawo, za ta iya rage wa ta gida shekarun?"

"Ba ya yiwuwa."

"Haka na zata. To, gobe likita zai kwantar da ni, aikin baya. Ba mai juya Inna."

Rukayyat ta kama hannunta, ta ji shi kaushi kamar ɓawon gyaɗa, ta ja ta zuwa cikin aji.

"Wannan ba mamata ba ce," ta ce. "'Yan biyu ne mu."

Ba wadda ta yi dariya. Margret ta dubi allo, ta dubi Hapsatu, ta sunkuyar da kai.

Da suka fito neman mashin ɗin Betso, Rukayyat ta tambaya a hankali, "Ta wane ɓari ake ɗaga Inna?"

Hapsatu ta juyo ta dube ta.

"Na hagu ne ya mutu," ta ce. "Tun kafin ki tafi Abuja."