Rantsuwar Yusha'u Mai Tumbi

Yusha'u ɗan maƙwabcinmu ne a nan Tudun Wada, a Abuja yake aiki. Da rani ya kwaso matarsa Surayya da yara suka zo hutu. Katanga ce kawai tsakaninmu, kuma gajeriya ce, ba ni na gina ta ba.

Ina tsince wake na ji Surayya tana cewa, "Baban Ashraf, wannan ciki yaushe ne haihuwa? In sayo rago?"

Sai ya hau. Ya ce wallahi tallahi kafin su koma sai ya yi gudu zuwa Kwangila, ya tuƙa keke zuwa Gyallesu, ya yi iyo a rafin Kubanni. Wai gasa ce shi da kansa. Na ce a raina, to, an dai ambaci Allah, wanda ya karya sai kaffara.

Gudun ya yiwu, amma da ƙyar. Babba da gemu yana gudu a unguwar da aka yanke masa cibi, kowa sai ya tare shi: "Lafiya? Wa ya rasu?" Ga tsofaffi a kowace ƙofar gida, ba damar wucewa sai ya durƙusa. Ya dawo gwiwa ta fi ƙafa ciwo.

Keke kuwa na Ɗantsoho mai faci ya ara. Ya je, ya dawo yana tafiya kamar ɗan kaciya.

Saura iyo. Ya isa Kubanni ya tarar ruwan ko ƙwauri bai rufe ba. Ya naɗe wando, ya tsallaka, ya dawo gida ya ce an gama.

Surayya ta ce ba ta yarda ba. Aka kira baffansa Malam Kailani ya raba gardama. Malam ya ce rantsuwa lafazi ce, me ya fito daga bakinsa?

"Cewa na yi zan shiga ruwa, Baffa. Na kuwa shiga."

"Iyo ka ce," in ji Surayya.

"Wa ya ji? Mu biyu ne a tsakar gidan."

Sai na ɗan yi gyaran murya ta bayan katanga.

"Inna Rakiya, tun yaushe kike nan?" in ji Yusha'u.

"Tun kafin a haifi ubanka, ɗan nan. Iyo ka ce, har da wallahi tallahi."

Malam ya yanke: ciyar da miskinai goma. Yusha'u ya ce shi azumi zai yi, ko ba komai zai rage nauyi. Malam ya ce azumi na wanda ba shi da hali ne, mai mota ba ya ciki.

Surayya ta dafa shinkafa da kaji. Da aka zo neman miskinai na aika da kwanona. Malam ya ce mai gidan kanta da awaki ba ta ciki, sai Surayya ta miƙo mini ta kan katanga, wai ladan shaida.