Giris ɗin Eulalio

A duk garin Cárdenas babu wanda ya san kimiyyar giris kamar Eulalio. Shi da kansa ya tabbatar mana da haka. Ba mu musa ba, domin shi kaɗai ke dafa baƙin mai da kyandir a layinmu, mu kuwa ba mu da abin hawa sai keke.

Sai Wilfredo mai faci ya fara haɗa nasa. Duk sarƙar da ya shafa wa sai ta yi tsit. Kekuna suka koma ƙofarsa, har da nawa.

"Kai ma, malam? Da digirinka?" in ji Eulalio.

"Digiri ba ya hana keke kuka, maƙwabci."

Abin ya hana Eulalio cin abinci. Ƙarshe ya haɗiye girman kai, ya tsallaka titi wai zai sha iska.

"Me kake zubawa a wannan kwaɓin naka?"

"Kitsen alade, tsoho," in ji Wilfredo, ko murmushi bai yi ba.

Eulalio ya shiga kicin ya ɗauke gwangwanin kitsen da matarsa Migdalia ta samu bayan wuni guda a layin rabon abinci. Ya narke shi duka. Sarƙarsa ta yi tsit kuwa, kafin rana ta ruɓar da kitsen, karnukan unguwa su shiga raka shi kasuwa. Ya ce Wilfredo ne ke turo su.

Migdalia ta dafa ayaba da ruwa da gishiri har ƙarshen wata. Takan fara zuba masa.