An Ci, Amma Wa Aka Ci?

Garin katako na fara gani a kafaɗar mutumin da ke zaune layi biyu a gabana, sannan na gane ƙeyar. Baba ne. Ya ja hula har gira, wai kada a gane shi.

Bai taɓa taka filin nan ba. Yayana ya daɗe yana tsaron gida a ƙungiyar garinmu, a rukuni na biyu. 'Yan kallo na kiransa Kwaɗo, don ga tsalle ga kulle raga. Baba kuwa kullum cewa yake ɗan kafinta bai kamata ya tsufa tsakanin sanduna uku da ba shi ya haɗa ba. Farkon kakar bana suka yi alkawari: in ƙungiya ta haura rukuni na ɗaya, Yaya ya ci gaba, in ta tsaya, ya ajiye safar hannu ya ɗauki zarto.

Yau ne wasan ƙarshe, kuma mun ci ɗaya da nema. Ana dab da tashi Yaya ya kaɗe wata ƙwallo da bakin yatsa, har matar da ke gefena ta rungume ni ba ta san ni ba. Amma cinmu bai isa ba. Kafin wasan yau 'Yan Jar Riga na gabanmu da maki ɗaya, ba za mu haura ba sai in sun kasa cin nasu wasan a can wani gari, su kuma ba su tashi ba.

Surukin direban ƙungiyarmu na can yana kallo. Don haka kowa ya yi dafifi a jikin shinge, 'yan wasa ta ciki, mu ta waje, direba a tsakiya da waya a kunne, ya toshe ɗayan da yatsa. Can ya daka tsalle.

"An ci!"

Fili ya kaure. Ganguna, ihu, riguna a sama. Sai koci ya damƙo hannunsa.

"Malam, an ci wa?"

Direba ya dubi wayar. Ta mutu. Ya rantse iyakar abin da ya ji ke nan. Wani ya ce ai da su suka ci, "sun ci" zai ce. Wani ya ce surukin direba ko sallama ba ya ƙarasawa. Rabi na rawa, rabi sun ɗora hannu a ka. Yaya na tsaye, ya cire safa ɗaya, ɗayar na hannunsa.

Ban san Baba na iya tsallake benci haka ba. Kafin kowa ya laluba aljihu, ya kutsa ya miƙa wa direba tsohuwar wayarsa mai ɗaurin roba.

"Ungo, kira shi. Ka ce ya yi magana kamar mutum."

A nan Yaya ya gan shi. Bakinsa ya buɗe.

Wayar ta daɗe tana ringi kafin a ɗauka. Direba ya saurara, ya sake tambaya, sannan ya ɗaga wayar sama.

"An ci SU! An tashi!"

Shingen nan bai yi minti ɗaya ba ya kwanta. Aka ɗaga Yaya a kafaɗu ana Kwaɗo, Kwaɗo, yana ta waige-waige. Ni ma na tsinci kaina ina ihu da muryar da ban san ina da ita ba.

Baba ya jira direba ya gama rawa, ya karɓi wayarsa, ya gyara robar. Ya ɗan tsaya yana kallon sandunan nan uku, ya kakkaɓe kafaɗa, ya fice ta ƙaramar ƙofa.