Ranar da Aka Musanya Clyde

Vern Hostetler yana gyara wa gawar kwalar riga ke nan sai idonsa ya faɗa kan 'yar takardar da ke ɗaure a hannunta. Orville Baskin aka rubuta. Shi kuwa wannan akwati na Clyde Pruitt ne. Shekara talatin Vern yana shirya gawa a gidan jana'izar nan, bai taɓa musanya mutum ba sai yau. Ga shi ƙarfe huɗu za a ƙona Baskin, yadda ya bar wasiyya. In aka yi sake, Clyde da ke cikin akwatin Baskin za a mayar toka.

Abin da ya ɗaure masa kai, matar Clyde, Lorraine, tun da safe ta yi wa gawar once-over, kallon nan ɗaya daga kai zuwa ƙafa da iyali ke yi kafin a buɗe wa masu gaisuwa ƙofa. Ta ce ya yi.

Ya same ta a falo tana shan kofi.

"Madam Lorraine, wancan fa ba mijinki ba ne."

"Ai na sani."

"Kin sani?"

"Kai Vern, makauniya ka ɗauke ni? Shekara arba'in da ɗaya Clyde yana murtuke min fuska. Wannan murmushi yake. Bar min shi har mutane su watse."

"Madam, aikina ne zai tafi!"

"Wa zai gane? Su ma kallo ɗaya za su yi, su wuce wajen cincin."

Ya ruga ɗaya ɗakin, wajen dangin Baskin. Babban ɗan yana waya a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, ka duba mahaifinka kuwa?"

"Na duba. Ya yi kyau." Ko kai bai ɗago ba.

Kafin Vern ya dawo an buɗe ƙofa. Mutane suka jeru, kowa ya leƙa, ya ce, "Kamar barci yake." Wata tsohuwa ta ce mutuwa ta yi wa Clyde kyau. Ƙanen Clyde, Merle, ne kaɗai ya daɗe a tsaye, har gumi ya keto wa Vern.

"Vern, wa ya sa masa gashi?"

"Aikinmu ne, Merle."

"In tawa ta zo, ka yi min irinsa."

Vern ya kira direban motar da za ta kai gawa wajen ƙonawa, ya ce kada ya taɓa kowa sai ya gan shi da idonsa. Sannan ya koma ɗakin Baskin. Clyde na kwance da fuskarsa a murtuke, baƙi kusan sittin suna kuka a kansa. Wata jika har ta sumbaci goshinsa.

Vern ya duba agogo. Saura awa biyu ƙarfe huɗu ta yi. Ya jawo kujera ya zauna a gefen akwatin, don a samu ko mutum ɗaya da ya san Clyde a ɗakin.