Ƙafar Badaru a Kan Totur

Motar ta zabura a daidai kwanar kasuwa kamar jakin da aka soka wa tsinke, ta dafe, ta sake zabura. Hular Alhaji Lawal ta bugi rufi ta karkace. Ya dafe ƙugunsa da hannu biyu ya runtse ido.

"Badaru, so kake ka ƙarasa mini bayan nan?"

"Allah ya huci zuciyarka, Alhaji. Halinta ke nan in an rage gudu."

"Halinta ne ko halinka, yau dai za a sani."

Shekara talatin da ɗaya Badaru yana jan Alhaji Lawal, babban falken shanu na Daura, tun suna bin kasuwannin Mai'aduwa da Babban Mutum a tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Ba a taɓa cewa ya taka ko da kaza ba. Duk tsawon shekarun nan Alhaji yana kujerar baya, ba ya ganin komai na direbansa sai ƙeya. Wannan jar mota kuwa kujera biyu gare ta, dole mai gida da bara su zauna kafaɗa da kafaɗa.

Tun asali motar ba ta Alhaji ba ce. Ɗansa Yazid ne ya sayo ta daga Dubai, ƙirar Italiya, cikinta kamar zai shafi ƙasa, kukanta ana jin sa daga unguwa uku. Wata biyu da zuwanta ya yi wasan mota da ita a bikin abokinsa, saura ƙiris ya kwashe mai sayar da rake, har 'yan Hisba suka zo ƙofar gida. Alhaji ya karɓe makulli a gaban jama'a, ya rantse ba mai sake taɓa sitiyarinta sai Badaru. Don ya ƙara ƙona wa yaron rai, shi kansa ya koma hawanta, da ciwon bayansa da komai.

Sai dai a hannun Badaru motar ta ƙi lafiya. A buɗaɗɗen titi ba ta da laifi. Da an shigo gari, inda akwai Keke Napep da awaki da tudun rage gudu, sai fizge-fizge. Aka ce man bumburutu ne, aka zubar da tanki. Aka canza fulogi. Bakaniken da ya buɗe ta ya mayar ya rufe, ya ce ba kabireta, ba wayar totur, ƙafa ce take gaya wa ƙwaƙwalwar mota, ƙwaƙwalwa ta gaya wa inji, shi kuwa iliminsa bai kai can ba. Yazid ya samu abin faɗa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kullum yana kunnen uban: motar lafiyarta ƙalau, direban ne ya tsufa.

Da suka iso gida, mai gyaran da aka kira daga Kano yana zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiya. Jibril sunansa, mutum siriri mai gilashi, ba sifana a hannunsa, ba baƙin mai a farcensa, sai kwamfuta a kan cinya da wata igiya mai baki biyu. Yazid na tsaye kusa da shi.

"Sannu da zuwa, Baba Badaru," in ji Yazid. "Tun daga kwanar kasuwa muke jin kuna tahowa, kamar mai tarin fuka."

"Ni na kai ka makaranta ranar da ka yi fitsari a kujerar baya," in ji Badaru. "Ban gaya wa kowa ba sai yau."

Jibril ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Alhaji ya fito da ƙyar, Yazid ya kama masa hannu.

"Malam Jibril," in ji Alhaji, "abu ɗaya nake so. In motar ce, ka gyara ta. In mutumin ne, ka gaya mini."

Jibril ya durƙusa ya soka igiyar a wata kafa ƙarƙashin sitiyari, ya ce sai an fita da ita titi ya ga yadda take numfashi. Kujera biyu ce, don haka shi da Badaru kaɗai suka fita, suka ɗauki hanyar Zango.

Da suka wuce gidajen ƙarshe Jibril ya ce a rage gudu, a tafi kamar ana bin garken shanu. Motar ta fara halinta. Shi bai ko ɗaga kai ba, idonsa na kan allon kwamfuta inda waɗansu layuka masu launi suke tafiya.

"Gaskiya tana da zafin kai," ya ce. "Don filin tsere aka yi ta. Ko ƙuda ya sauka a kan totur sai ta amsa. Kuma man da take sha a ƙasarsu ba irin namu ba ne."

Badaru ya ji wani sanyi a ƙirjinsa. "Na faɗa musu."

"Baba, tsaya a gindin kukar can. Kada ka kashe ta."

Ya tsaya. Jibril ya sa shi ya fitar da giya, ya ce ya taka totur kaɗan, ya riƙe a wuri ɗaya, kada ya ƙara kada ya rage. Ya juyo masa da allon.

"Ka ga wannan koren layi? Ƙafarka ce. In ka riƙe ta wuri ɗaya, shi ma zai miƙe."

Badaru ya taka ya riƙe. Layin ya ƙi miƙewa. Yana hawa yana sauka, ƙanana-ƙanana, a jere kamar haƙoran zarto. Kukan injin ma yana bin sa. Badaru ya cije leɓe, ya danne dunduniya a ƙasa, ya sa duk ƙarfinsa. Haƙoran suka ƙara tsini.

"Na'urarka ce ba ta da lafiya," ya ce.

Jibril bai yi musu ba. Ya zagayo suka yi musayar kujera, ya taka ya riƙe. Layin ya miƙe kamar zaren maɗinki. Ya ɗaga ƙafa, injin yana gurnani a bayansu. Wani mai amalanken shanu ya wuce yana waiwayen motar.

"Tun yaushe, Baba?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Badaru ya kalli gonakin gero da aka girbe.

"Tun daminar bara. Da fari sai na gaji. Yanzu ko ina zaune." Ya ɗora tafin hannu a kan gwiwarsa ta dama, wadda take kaɗawa a hankali ƙarƙashin wando. "A babbar motar Alhaji ba a ganewa, totur ɗinta da nauyi. Wannan ce ta zo ta tona ni."

"Ka je asibiti?"

"Na sha rubutu. Na sha saiwa. In na je asibitin garin nan, kafin in dawo gida Alhaji ya ji."

"Iyali sun sani?"

"Mai ɗakina ta sani, ita ce take jin gado yana motsi." Ya juyo ya dubi Jibril. "Ɗana, ban iya noma ba, ban iya ciniki ba. Tun ina ɗan shekara ashirin nake bayan sitiyari. In aka ce ba ni ne direban Alhaji ba, ban san wane ne ni a garin nan ba."

Jibril ya cire gilashi ya goge da bakin riga.

"Akwai abin da zan iya. Zan sake wa ƙwaƙwalwarta karatu. In koya mata cewa ɗan motsi kaɗan ba umarni ba ne, sai an taka da niyya. In sassauta mata yadda take kama giya ta ɗaya da ta biyu, in daidaita ta da manmu. Wannan dama shi aka kira ni in yi."

"Allah ya yi maka albarka."

"Tsaya, Baba. Totur ne a hannuna. Birki ba ya hannuna. Kuma irin wannan abu, yadda na gan shi a jikin kawuna, ba baya yake yi ba."

"Za ka gaya masa?"

"Zan ce motar tana da zafin kai na gyara, kuma gaskiya ne. In ya dube ni ya tambaye ni ƙafarka, ba zan yi ƙarya ba."

Aikin ya ci kusan awa ɗaya. Aka kashe mota, aka kunna, aka sake kashewa. Wani shuɗin layi yana cika a hankali a allon, Jibril ya ce kada a taɓa komai har ya kai ƙarshe, in ya yanke a tsakiya motar ta zama gawa. Badaru ya zauna a kan saiwar kuka yana jan carbi. Da can, in mota ta yi gardama, kunnensa yake sa wa a jikin inji ya gane ciwonta. Yau ga shi zaune kamar mai jinya a ƙofar ɗakin tiyata, kuma bai san ma wa ake yi wa aikin ba, shi ko ita.

Da suka juyo, motar ta zama wata. Ta bi bayan wata tifa a hankali ba fizga, ta hau tudun rage gudu ta sauka kamar kwale-kwale. Ƙafarsa tana rawarta, motar ta yi kunnen uwar shegu da ita. Sau ɗaya kawai, da akuya ta gitta, ya ɗaga ƙafa zuwa birki, ƙafar ta ɗan yi jinkiri a hanya kafin ta isa. Akuyar ta tsallake. Jibril ya gani.

A gida Alhaji ya ce sai ya gwada da bayansa. Suka zaga kasuwa sau biyu, suka bi ta cikin cunkoson tasha. Bai dafe ƙugu ba ko sau ɗaya. Da suka dawo ya fito da kansa ba mai kama shi, ya kira Yazid a gaban masu zaman ƙofar gida.

"Malam Jibril, motar ce ko ba ita ba?"

"Tana da zafin kai, Alhaji. Na sassauta ta."

Alhaji bai ƙara tambaya ba. Ya juya ga ɗansa. "Ka ji? Laifi tudu ne. Mutumin da ya goye ka kake kira tsoho. Ba shi haƙuri."

Yazid ya durƙusa har ƙasa. "Ka yafe ni, Baba Badaru."

"Ba komai, tashi," in ji Badaru. Ya buɗe baki zai ƙara wata magana, Alhaji ya riga shi.

"Gobe da ita za mu Kano. Bari su gani."

Aka kira la'asar. Wata goma sha huɗu ke nan Badaru yana sallah a ƙarshen sahu ta hannun dama, inda ƙafarsa ba ta da maƙwabci sai bango. Ya nufi wurinsa, sai ya ji an riƙe masa hannu. Alhaji ne, fuskarsa cike da fara'a.

"Yau kusa da ni za ka tsaya."

Ya ja shi har sahun gaba, ya tsaya a damansa. Liman ya ce a daidaita sahu, a toshe kafa. Alhaji ya matso da ƙafarsa ta hagu ya haɗa da ta Badaru, ɗan yatsa da ɗan yatsa.

Raka'a huɗu. Badaru bai san abin da ya karanta a cikinsu ba. Ya danne yatsu a kan tabarma, ya mayar da nauyinsa hagu, ya roƙi Allah minti biyar kacal. Ƙafar ta ci gaba da bugun ta Alhaji a hankali, ba fashi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Alhaji bai janye tasa ba.

Aka sallame, aka yi addu'a, mutane suka fara tashi. Su biyun suka zauna. Alhaji yana kallon alƙibla, bai juyo ba.

"Mai kwamfutar ya sani?"

"Ya sani."

"Yazid fa?"

"A'a."

"Kada ya ji daga bakinka."

Alhaji ya ci gaba da jan carbi har sahun ya watse. Sannan ya sauke hannunsa ƙasa tsakaninsu, ya buɗe tafin a ƙarƙashin hannun babbar riga, inda ba mai gani. Badaru ya dubi tafin. Ya laluba aljihu ya ciro makullin, ya ɗora a kai, hannun rigar ya rufe.