Falon Aro

"A hankali mana, Baban 'yan biyu, ba buhu ka ɗauko ba!"

Maigidana yana saukowa daga bene da Malam Taswira goye a bayansa, ƙafafun tsohon suna lilo suna bugun ƙarfen matakala. Ni ina gaba riƙe da kwat ɗinsa da na goge tun safe.

"Ƙyale shi, 'yata," in ji Malam, yana haki. "Ai buhu ya fi ni nauyi yanzu."

Malam Taswira maƙwabcinmu ne, ɗakinsa na can ƙuryar sama, ƙarƙashin rufi. A gida malamin makaranta ne, labarin ƙasa yake koyarwa, shi ya sa sunan ya biyo shi har ƙasar mutane. A nan kuwa kifi yake jerawa a ɗakin sanyi na wani kamfani, har ranar da ƙirjinsa ya ce ya gaji.

Kowace Lahadi da yamma yakan sauko falonmu ya kira gida a waya, irin kiran da ake ganin juna. Iyalinsa sun ɗauka falonsa ne. Ba mu taɓa cewa nasa ne ba, ba mu kuma taɓa cewa ba nasa ba ne, haka aka faro, haka ta miƙe. Ni ce mai shirya wuri. In cire hotonmu na aure daga bango in tura bayan kujera, in kwashe takalman yara, in kora 'yan biyu kicin in ce wanda ya yi tari zai gamu da ni. Kujerun ma, in za a faɗi gaskiya, a bakin titi muka tsinto su, wani ya zubar. Amma da na wanke su na ɗinka musu riga, wallahi a waya sai ka ce ofishin manaja.

Maigidana ya sauke shi a kan babbar kujera. Na sa masa kwat, ya yi masa yawa kamar na aro. Na shafa masa mai a fuska don kada hasken fitila ya tona ramar, na jingina wayar da tulun furen roba.

"Assalamu alaikum, Baba! Kai, yau ka yi fes."

Ɗansa na fari ke nan, wanda ake ce wa Injiniya, mai gyaran injinan ruwa a hukumar ruwa ta garinsu. Yaro mai fara'a, da mata da ɗa guda.

"Lafiya lau, Injiniya. Yaya aiki? Kuna ba mutane ruwa, ko har yanzu haƙuri kuke ba su?"

Aka yi dariya. Malam ya haɗiye tarin da ya taso masa, na ga jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Anti tana kusa? Anti, Allah ya saka da alheri. Kullum kina ɗawainiya da gidan Baba, kin bar naki."

"Ba komai, ai maƙwabtaka ce," na ce. Ina tsaye a tsakiyar falona ina karɓar godiya kamar 'yar aiki.

Sai ya gyara zama. "Baba, albishir. Takarduna sun fito. Abokin nan nawa yana ta ja na in je garin da yake, wai akwai aikin injin ruwa, har ya yi mini magana da mai kamfaninsu. Amma ɗaki ɗaya za mu raba da shi. Na ce ina dalili? Ubana yana da gida. Garinku zan zo. Ƙarshen wata zan ajiye aiki, in na zauna da gindina sai iyali su biyo ni, tunda ga wuri."

Na dubi maigidana, ya dubi silin. Garin nan namu babu aikin injin ruwa, babu aikin komai sai kifi da wanke-wanken otal, su ma sai da layi.

Malam ya buɗe baki. Na ga maganar ta zo har leɓensa. Ya dubi labulena, ya dubi furen roba, ya dubi fuskar ɗansa da take ta walƙiya.

"Allah ya zaɓa mafi alheri," ya ce.

Ana kashe waya na fashe. Ni dama ba a san ni da kara ba, a wajen guga na otal ma Reza suke ce mini.

"Haba Malam! Haba! Yaro zai saki aikinsa ya taho, kana ji ka ce Allah ya zaɓa? A ina za ka ajiye shi? Kan bokitin yoyo? Da matarsa da ɗansa?"

"Ke dai ki yi a hankali," in ji maigidana. "Ba ki ganin halin da yake ciki?"

"Bar ta. Gaskiya ta faɗa." Malam ya saki tarin da ya danne, ya daɗe yana yi. Na miƙa masa ruwa, ina jin haushin bakina.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Kin san yadda na zaɓi garin nan? A littafin da na koyar da shi an rubuta gari ne mai tashar jiragen ruwa. Inda akwai tasha kuwa akwai aiki, haka na sa yara suka haddace. Na zana shi a allo ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da hanya ta samu, kowa ya ce in je inda namu suke da yawa, in tambayi wanda ya riga ni. Na ce ni za a koya wa gari? Na iso na tarar tashar ta tashi tun kafin a haifi Injiniya, ba abin da ya rage sai tsatsa da tsuntsaye. Littafin ya girme ni, ban duba ba."

"To ai sai ka koma wani garin."

"Da wace fuska? Na riga na aika gida na ce na dace." Ya yi ɗan murmushi. "Taswira ba ta nuna danshi, 'yata. Ba ta gaya maka asibitin ƙirji yana wani gari, sai ka wuni a mota. Ba ta gaya maka in ka kwanta ciwo wa zai ƙwanƙwasa maka ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Mu ma ai hoto ne ya kawo mu: ɗan kawun maigidana ya jingina da motar da ba tasa ba ya turo mana.

"Ke kina da baki," ya ce a hankali. "Ni nawa ba zai iya ba. Yaron nan tun yana rarrafe yake ganina da alli a hannu. Ki gaya masa."

"A'a, Malam. Ba ni na haife shi ba. Kai ka ƙulla, kai za ka kwance."

Na faɗa da ƙarfi kamar mai gaskiya, alhali tsoro ne. In na tona nasa na tona nawa, yaron da yake ce mini Anti zai san ni ce mai cire hoto.

"To," ya ce. "Ki bar ni zuwa Lahadi mai zuwa. Zan faɗa."

Maigidana ya durƙusa, ya sake goya shi suka hau.

Ranar Alhamis da safe na ɗauki shayi zan kai masa kafin in tafi aiki. Tun daga tsakiyar bene na ga ruwa yana gangarowa siriri a gefen matakala. An kwana ana ruwan sama, kuma duk rashin lafiyar Malam bai taɓa barin bokitin nan ya cika ba, ko da rarrafe zai ja shi ya juye a wurin wanke hannu. Na tura ƙofa. Bokiti ya cika ya tumbatsa. Yana kwance ta gefen dama, ya ja bargo har kafaɗa, fuskarsa tana duban bango. Kwat ɗin yana rataye a ƙusa, ya kakkaɓe shi ya ɓalla maɓallansa, yana jiran Lahadi.

"Malam," na ce. "Malam, ga shayi."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye kofin a ƙasa, cikin ruwan, na fita ina kiran Baban 'yan biyu.

Maza 'yan kaɗan ne suka kai shi, su ma sai da suka nemi izini a wurin aiki. Garin nan ko wurin binne namu babu, sai da aka tafi da shi wani gari. Maigidana ne ya sanar da gida, a tsaye a bakin titi, da murya kawai.

Ranar Lahadi da yamma waya ta yi ƙara. Injiniya ne, yana son mu gaisa a ga juna.

"Ki rufa wa mamaci asiri," in ji maigidana. "Mutumin nan ya tafi da mutuncinsa. Ki ce mai gidan haya ya karɓi gidansa, shi ke nan."

"Ya zo ya kama haya a garin da babu aiki?"

"Mu muka aike shi?"

Na zauna a babbar kujera na amsa. Injiniya ya rame, idanunsa sun yi ja. Muka yi wa juna gaisuwa, ya yi ta godiya, yana cewa ba su da abin da za su saka mana. Ina sauraro sai idona ya kai kan ɗan hotona da ke kusurwar wayar. Bangon bayana fayau. Ashe tun kafin wayar ta yi ƙara hannuna ya riga ya cire hoton aurenmu ya tura bayan kujera, ban ma san na yi ba. 'Yan biyu kuma suna kicin, sun yi tsit, babu wanda ya aike su. Mutum yana kabari, ni ina nan ina ci gaba da shirya masa ƙarya, har na koya wa 'ya'yana. Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Anti, alfarma ɗaya nake nema," in ji Injiniya. "Ki roƙar mini mai gidan kada ya ba wani. Gobe zan miƙa takardar ajiye aiki. Ina so in zauna inda Baba ya zauna, a kan kujerar nan."

Maigidana yana bakin ƙofa yana girgiza mini kai.

"Injiniya, Mama tana kusa?"

"Tana nan."

"Kira ta. Ku zauna tare."

Mahaifiyarsa ta matso, 'yar tsohuwa mai ƙaramar fuska, da carbi a hannu. Na miƙa hannu bayan kujera na zaro hoton, na mayar da shi kan ƙusarsa suna kallo. Na kira 'yan biyu na ce su gaishe da Mama.

"Wannan falona ne," na ce. "Aro muke ba shi. Ya ce in gaya maka tun yana da rai, na ƙi. Ya yi niyyar faɗa da bakinsa yau, Allah bai nufa ba. Ku riƙe wayar da kyau, zan kai ku gidansa."

Na juya wayar tana kallon gaba, na fita. Maigidana ya matsa ya ba ni hanya. Na hau benen a hankali, suna ganin fentin da ya ɓare, da fitilar da ta mutu, da sawun ruwan ranar Alhamis. Na tura ƙofar.

Ɗakin ko miƙewa sosai ba a yi a gefe ɗaya, saboda rufin ya sunkuyo. Na nuna musu gadon, da ɗan murhun lantarki a kan kujera, da takalman roba na ɗakin sanyi a bayan ƙofa, da kwat a ƙusa. A bangon da yake fuskanta in ya kwanta akwai tsohuwar taswirarsa ta makaranta. Danshi ya cinye rabinta ya yi baƙi, amma ana ganin inda ya zagaye garin nan da jan biro.

"Aikin da ya ce yana yi a ofis fa?" in ji Injiniya.

"Kifi yake jerawa. Aikin injin ruwa kuwa babu shi a garin nan, ɗana. Ka tambayi abokinka da kyau, ka ce ya nuna maka ɗakin, har banɗaki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Na ji ya ja numfashi. Na jira ya zage ni, wallahi da na fi samun sauƙi.

"Da ya faɗa mini ai da na ce ya dawo gida," ya ce. Sai muryarsa ta karye. Can ya share fuska da tafin hannu. "Ba zan miƙa takardar gobe ba. Zan kira abokina tukuna."

"Allah ya yi maka albarka. Ku yafe mini."

Na kai yatsa zan kashe, sai tsohuwar ta yi magana, karo na farko.

"'Yar nan, kada ki kashe. Matsa kusa da gadon."

Na matsa.

"Bargon nan ni na sa masa a jaka. Ya ce ba ya bukata, wai can gidajensu da ɗumi." Ta ja carbinta. "Bar ni in ƙara ganin inda yake kwana."

Na tsaya riƙe da wayar a saitin filon, inda kansa ya bar ɗan rami. Hannuna ya gaji, na tallafe shi da ɗayan. An fara yayyafi a waje, a bayana kuma rufin ya soma ɗiga cikin bokiti.