Dutsen da Ake Shafa wa Farar Ƙasa

Kowace shekara, idan Idin Ƙetarewa na Yahudawa ya ƙarato, Mazal takan kwaɓa farar ƙasa a bokiti ta shafe wani falalen dutse da ke kwance a kusurwar tsakar gidansu. Ba ta taɓa tambayar dalili ba. Uwar mijinta, marigayiya Simha, ita ta danƙa mata burushin tun tana sabuwar zuwa gidan, ta ce a shafe shi tas, kada a dasa itace kusa da shi, kada kuma ɗa namiji ya taka shi. Idan yara suka dame ta da tambaya sai ta ce gidan kunamu ne. Simha kuwa mace ce da ba a yi mata musu tana raye ba, ba a kuma fara bayan ta mutu ba.

Ruwan bana ya yi yawa a tuddan Galili, har katangu suka zube. Ranar da Mazal ta fito da bokitinta sai ta tarar dutsen ya karkace, gefe guda ya nutse, wani baƙin rami ya buɗe a ƙarƙashinsa. Ta durƙusa ta leƙa. Iska ce ke fitowa, mai sanyi, mai warin ƙasar da ta daɗe ba ta ga rana ba. Ta waiga wajen tagar ɗakin mijinta.

Nissim na kwance a ciki, ƙafafu sun daina ɗaukarsa tun kaka. A wannan ɗakin aka haife shi, kuma ya sha gaya wa ɗansa Ezra da sauran 'ya'yansa da ke birni cewa daga nan za a fitar da shi, su riƙe asibitinsu. Shi kohen ne, wato zuriyar Haruna, gidan da Attaura ta hana kusantar gawa. Ba ya shiga ɗakin da mamaci yake, ba ya taka kabari, ba ya kwana a kansa, ko da ƙashin ya fi garin tsufa. Ranar da aka binne babban amininsa, a bayan shingen maƙabarta ya tsaya yana kuka shi kaɗai, har wasu suka ce girman kai ne. Ba girman kai ba ne, Mazal ta san yadda hakan ya ci masa rai.

Ta ajiye burushin ta zagaya gidan maƙwabcinsu Jiryis, Kirista mai matsar man zaitun. 'Yarsa Takla tana aiki da masu tonon kayan tarihi, ta zo hutu.

"Takla, 'yata, zo ki duba mini wani rami. Kada ki gaya wa ubanki, bakinsa ba ya riƙe ko ruwa."

"Inna Mazal, ko kin tono tukunyar zinariya ce? Rabi nawa ne fa."

"Ke dai taho, uwar surutu."

Takla ta zo da tocila da igiya tana ta tsokana. Da ta durƙusa gaban dutsen sai dariyar ta ɗauke. Ta sa farce ta ɓamɓare farar ƙasar gefen, ta ɓamɓare wata, ta kuma ɓamɓare wata. Shafi ne kan shafi, kaurinsa ya kai yatsa biyu, na ƙasan har ya koma kamar dutsen kansa.

"Wa ya fara shafa wannan?"

"Uwar mijina ta ba ni. Ita ma tata uwar mijin ta ba ta."

Takla ta miƙe. Ta ɗaura igiyar a turken rumfa, ta zura ƙafafu, ramin ya haɗiye ta. Mazal ta tsaya tana kallon hasken tocilar yana yawo a ƙasa. Addu'arta ɗaya ce, hasken ya nufi bayan katanga, wajen gonar zaitun. Ya ɗan tsaya, sannan ya juya ya nufi gida, ya ɓace.

Da Takla ta fito, gwiwoyinta duk laka, sai ta zauna a ƙasa ta rage murya.

"Kogo ne, Inna, sassaƙaƙƙe. An huda ramuka a bango, akwai ƙananan akwatunan dutse a jere, da ƙasusuwa a ciki. Ya bi ƙarƙashin gidan nan har ɗakin Baba Nissim. Ina can ƙasa ina jin tarinsa a saman kaina."

Mazal ta kama hannunta ta matse.

"Naku ne ko? Kiristoci ne. Ai kun daɗe a garin nan. Ki koma ki duba, ba za a rasa gicciye a bango ba. In naku ne, akwai malamanmu da za su sassauta wa Nissim."

"Da na ga gicciye, da na fito ina guɗa. Naku ne. Mutanenku na zamanin Haikali, babban ɗakin ibadarku na dā, su ne ke barin gawa ta shekara, su dawo su tattara ƙashin su sa a irin waɗannan akwatunan. Ga sunaye ma da rubutunku." Ta ɗauki ɓarɓashin farar ƙasar ta murza. "Wannan ma alama ce. Gab da Idi sukan shafe kaburbura da fari, don masu zuwa ibada da 'ya'yan Haruna su gani su kauce. A Linjila an ambaci irin kaburburan nan. Tun ina yarinya nake jin ana karantawa a coci, ban san ina tsallake ɗaya ba duk ranar da kika aike ni ɗebo na'ana'a."

Haushi ya turnuƙe Mazal, na Simha, na duk matan da suka miƙa wa juna burushin nan suka haɗiye dalilinsa. Shekara da shekaru tana sa wa kabari alama da hannunta, mijinta na barci a kansa.

"Dole in sanar a wurin aiki," in ji Takla. "Doka ce."

"Ki bari a gama Idi. Yara za su zo da jikoki. Wataƙila shi ne Idi na ƙarshe da Nissim zai gani. Ni na goya ki lokacin da uwarki ta kwanta ciwo, ko kin manta?"

Takla ta sunkuyar da kai. "Har a gama Idi. Amma ni ba zan iya shiga in gaishe shi ba."

Bayan tafiyarta Mazal ta jawo tsohon ƙyaure ta rufe ramin, ta zuba ƙasa, ta shafe wurin da fari har ya fi na kowace shekara haske. Ta wanke hannu, ta dafa shayi ta kai ɗaki.

Nissim ya jingina da matashi, fuskarsa na wajen taga. Ya karɓi kofin bai sha ba.

"Na ga 'yar Jiryis ta shiga ƙasa."

"Tsohuwar rijiya ce. Ruwa ya buɗe ta."

"Mazal, tun ina saurayi na karanta abin da farin dutse ke nufi gab da Idi. Ban tambayi uwata ba, don ina tsoron amsar. Na ce wa raina bayan katanga ya nufa, tunda kakanni ba za su gina gida a kansa ba. Abu ɗaya zan tambaye ki. Wajen zaitun ya bi, ko wajen gida?"

"Wajen zaitun, Baban Ezra."

Ta faɗa ba tare da muryarta ta yi rawa ba, har ita ma ta yi mamaki. Ya daɗe yana kallonta, sannan idonsa ya sauka kan ƙafafunta.

"Tun da na aure ki, in kin shigo ɗakin nan sai kofuna sun yi ƙara a kan kanta. Tafiyarki kamar ana daka. Yau kin shigo da sanɗa, kina bin gefen bango. Wa kike tsoron ki taka?"

Hawaye suka zubo mata.

"Miƙo mini takalmana," in ji shi.

"Ina za ka? Dubi hadari! Mutumin da ko banɗaki sai an riƙe shi! Allah bai san ba ka sani ba ne?"

"Ɗazu ban sani ba. Yanzu na sani."

Jiryis aka kira ya ɗauke shi, da kujerarsa da bargonsa. Suka ratsa tsakar gida, suka fita ƙofa, sai da suka tsallake titi zuwa gindin katangar maƙwabta Nissim ya ce a sauke shi. Iska ta taso, sama ta yi duhu ta wajen tafkin Galili. Jiryis ya yi rantsuwa cewa ɗakinsa na baƙi a share yake, tsohon ya gyaɗa kai, amma idonsa na kan tagar da ya bari a buɗe.

"Mazal, akwai sauran farar ƙasa a bokitin?"

"Akwai."

"Ezra zai iso da yaran, kin san su, da gudu suke faɗawa gida ba sallama. Su ma jinin Haruna ne. Ki shafe dokin ƙofar."

Ta koma ta ɗauko bokitin. Ta durƙusa a bakin ƙofar da ta shiga tana amarya, ta tsoma burushin Simha, ta fara daga gefen dama. Yana zaune a tsallaken titi yana kallo, har ya nuna mata da yatsa inda ta bari bai yi fari sosai ba.